Yadda Na Cinye Ƙafar Vandi Magini

Samari, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ban taɓa haura katangar kowa ba, ban taɓa zura hannu a aljihun kowa ba, amma satar da na yi ta fi ta masu fasa shago muni. Ba zan faɗi sunana ba, don tsohuwata tana da rai, kuma kunyar da ta sha saboda ni ta isa haka. A Mubi dai da Tafinta aka san ni.

Babana baduku ne, ya biyo fatake daga Barno ya zauna a nan. Uwata kuwa 'yar duwatsun Gella ce. Wurinsa na ɗauki Barbarci, wurinta na ɗauki Gude, Fulatanci na tsince shi a ƙofar gida, Hausa a kasuwa, Kamwe kuma a bakin maƙwabtanmu mutanen Michika. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya mini ɗinkin fata, amma duk takalmin da na ɗinka sai ya fito kamar an ɗinka wa agwagwa. Yakan dube shi ya girgiza kai ya ce, "Kai dai bakinka ya fi hannunka aiki, Allah Ya sa kada ya yanka maka wuya." Talaka ne, amma har ya koma ga Allah ban ji wanda ya ce ya ci masa kwabo ba.

Ina saurayi aka zo da ƙuri'ar nan ta zaɓen inda za mu bi, Najeriya ko Kamaru. Masu yawon neman jama'a suna buƙatar mai fassara musu magana a ƙauyukan kan dutse, sai aka nuna ni. Ran Litinin in bi waɗannan in ce Najeriya ce uwa, ran Laraba in bi waɗancan in ce Kamaru ce uba, kowa ya sallame ni. Abin dariya na ɗauke shi. Amma a nan na gane wani abu da ya zame mini guba. In mutum biyu ba sa jin juna, wanda ya tsaya a tsakaninsu shi ne sarki. Abin da ya ga dama shi zai isar, abin da ya ga dama ya haɗiye.

Da aka gama ƙuri'a sai na koma kasuwa ina dillanci. Manomi ya sauko da gyaɗa ko akuya, ɗan kasuwa ya taya, ni ina tsakiya. Da farko la'adata kawai nake karɓa. Wata rana mai saye ya faɗi kuɗi, na rage sisi kafin in faɗa wa mai akuya, na jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Daren nan na yi barci lafiya lau. Daga sisi aka koma sule, daga sule kuma ban ƙara lissafi ba.

Bayan an gama yaƙin basasa sai babura suka cika gari. Malaman makaranta, ma'aikatan gona, 'ya'yan 'yan kasuwa, kowa ya samu kuɗi sai ya sayi babur, ya koyi tuƙi a kan titi, a kan mutane da awaki. Karo na farko da na shiga maganar hatsari, wallahi don Allah na shiga. Wani malami ya buge wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ya goge mata gwiwa, ba sa jin yaren juna, jama'a ta taru ana neman dukansa. Na raba, na kai maganar gaban Jauro, wato mai unguwa, malamin ya ba da kuɗin magani, tsohuwa ta ce ta yafe, aka raba goro. Malamin ya ba ni tukuici, danginta ma suka ba ni. Na koma gida ina tunani. Ashe jini ya fi gyaɗa riba.

Kun san halin mutanenmu. In abu ya faru sai a ce ƙaddara ce, kuma wanda aka ji wa ciwo yana jin kunyar ya ce a biya shi, kada a ce ba shi da tawakkali. Mai babur kuma yana tsoron caji ofis kamar mutuwarsa. In dai an faɗi "na yafe" a gaban Jauro, magana ta mutu, wanda ya sake tono ta shi ne mutumin banza. A kan wannan kyakkyawar ɗabi'a na kafa shagona. Da na ji ƙarar faɗuwa sai in riga kowa isa. In ja mai babur gefe in ce dangin wancan sun fusata, kada ya kuskura ya je gidansu, ya ba ni abin da zai bayar in kai. In koma wurin majinyaci in ce mai babur yana da manya, in aka je hukuma shi zai kwana a ciki. Sannan in hana zuwa asibiti, don likita zai tambayi yadda aka yi, ya sa a kira ɗan sanda, ni kuwa ba na son ido na uku. In miƙa ɗan abin da na miƙa, sauran ya bi aljihuna, kowane ɓangare yana sa mini albarka.

Shekarar da gwamnati ta canza hannun tuƙi, aka bar hagu aka koma dama, ita ce kakata, wato lokacin girbina. An yi ta shela a rediyo da kasuwanni, amma hannun da ya saba da hagu ba ya jin shela. Mutane suka ruɗe, mai tafiya a ƙasa ma bai san ta ina zai duba ba. Sai na samu sabuwar sanda. Duk wanda aka buge sai in ce masa, "Ai kai ne ka bi tsohon hannu. Sabuwar doka ta ce mai ƙafa ma in ya saɓa, ɗauri ne." Babu wata doka mai kama da haka, ni na ƙera ta a bencin mai shayi.

A wannan bencin nake zaune wata safiya, farkon damina, lokacin da abin Vandi ya faru. Vandi magini ne, mutumin Michika, Kirista, yana zaune a Nassarawo da matarsa Kwanye da 'ya'yansu. Dogo ne mai yawan dariya, in yana kan katanga yana waƙa har ƙarshen layi ana jin sa. Ran nan yana tsaye a gindin dogon yaro, nesa da titi, da buhun kayan aikinsa a kafaɗa, yana cinikin ƙosai. Sai ga Modu, ɗan Alhaji Bukar mai shagon atamfa, a kan sabon babur. Ya sha kwana ya manta da sabon hannu ya kama hagu, ya yi ido huɗu da babbar mota. Ya kauce, ya bar titi gaba ɗaya, ya zo ya haɗa ƙafar Vandi da gindin itacen. Da idona na gani, tun daga farko har ƙarshe.

Ƙashin ƙwaurin ya huda fata ya fito. Modu ya zauna a ƙasa yana salati yana kuka. Na tura shi gida, na sa aka ɗauki Vandi a amalanke. Wani ya ce a yi asibiti, na daka masa tsawa na ce, "Ka taɓa ganin wanda ya shiga can da karaya ya fito da ƙafa biyu? Yankewa suke yi." Aka yi gida da shi.

Na je wurin Alhaji Bukar. Mutumin kirki ne, har ya sa takalmi zai tafi dubiya. Na tare shi na ce, "Alhaji, ka rufa wa kanka asiri. Danginsa suna saukowa daga dutse da kwari da baka. Ka fitar da Modu daga gari yau, sauran ka bar mini." Ya cire takalmin. Ya shiga ciki ya fito da kuɗin da ban taɓa riƙe irinsu ba, ya ce a kai shi asibiti, a ciyar da iyalinsa har ya warke, in sun ƙare in dawo. Modu kuwa aka sa shi a motar Maiduguri.

A gidan Vandi na tarar da Kwanye tana ta fifita masa ƙafa. Na zauna na sa fuskar tausayi, na ce Alhaji ya ce Vandi ne ya shigo titi ta tsohon hannu, har ya lalata masa babur, amma na roƙe shi ya haƙura. Vandi ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Tafinta, ni yana tsaye ne fa. Ƙosai ne ni yana saya." Na ce, "Na sani, ɗan'uwa. Amma wa zai saurare ka a gaban mai kuɗi? In aka ɗaure ka wa zai riƙe yaran nan?" Ya juya ya dubi yaran da suka raɓe a bakin ƙofa.

Da la'asar na zo da Jauro, na ce ni ne wakilin Alhaji. Jauro ya yi nasiha a kan ƙaddara da zaman tare, sannan ya tambaya, "Vandi, ka yafe?" Vandi bai dubi Jauro ba, ni ya duba. Na gyaɗa masa kai. Ya ce, "Na yafe." Na miƙa wa Kwanye abin da bai kai kuɗin buhun dawa ba, ta karɓa da hannu biyu, har ta durƙusa ta yi mini godiya.

Washegari na kai shi wurin wani mai ɗori a Mayo Bani. Tsohon nan ya san aikinsa, kada ku ɗora masa laifi. Da ya kwance tsumman ya ga raunin sai ya ce da ni da Fulatanci, wannan ba nasa ba ne, karayar da ta huda fata ta likita ce, a tafi yanzu. Vandi ya tambaye ni me ya ce. Na ce, "Ya ce kafin a yi girbi kana kan katanga." Na matsa wa tsohon da roƙo har ya ɗaura karare ba da son ransa ba. Ni kuwa na dawo gari na ɗinka manyan riguna, na sayi agogo da rediyo. Ƙafar Vandi ce nake sawa a jikina, ita nake saurara da yamma.

Ƙafar ta kumbura, ta yi wari. Ranar da Kwanye ta gaji da jiran izinina ta kai shi asibiti da kanta, likita ya ce an makara. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da labari ya iso gare ni sai na ce a raina ai ƙaddara ce. Kalmar da nake sayar wa mutane ita na saya wa kaina.

Na tsare duk wata ƙofa da maza za su haɗu. Na san masallacin da Alhaji yake salla, na san cocin su Vandi, na san ba mai haɗa su sai ni. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne cikin gida, inda namiji irina ba ya shiga. Da abinci ya yanke musu, Kwanye ta fara tallan man gyaɗa gida gida. Wata rana ta yi sallama a wani babban gida ba ta san na wane ne ba. Uwargidan, Ya Falmata, ta ga mace da ciki tana ɗauke da tulu a rana, ta ba ta ruwa, ta tambaye ta ina mijinta. Kwanye ta ba ta labari. Ya Falmata ta dafe ƙirji ta ce, "Ke ce matar maginin? To ina kuɗin da Alhaji yake aikawa?" Don kuwa na koma na karɓo ƙari ba sau ɗaya ba.

Kafin azahar Alhaji Bukar yana gidan Vandi, yana zaune a kan tabarma yana hawaye. Kafin la'asar ni ina caji ofis, da babbar rigata da agogona. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa zaton mai tallan man gyaɗa ce za ta kai ni ƙarshensa ba.

A kotu aka tuhume ni da zamba. Maimakon in sunkuyar da kai, sai bakin nan nawa ya sake tashi. Na yi rantsuwa na ce Vandi ne ya faɗo titi, ni taimakonsa na yi don kada a kama shi, kuɗin kuwa ladan wahalata na cira. Na zaci hakan zai rage mini. Bai rage komai ba, majistare ya aika da ni gidan yari, maganata kuma ta zauna a rubuce a kotu.

Gidan yari ba wurin mai baki ba ne. Gandiroba ba ya son fassara, lauje yake miƙa maka. Muna fita aikin yankan ciyawa a gidajen gwamnati, mutanen da na saba karɓar gaisuwarsu suna wucewa suna kau da kai. Wata rana aka kai mu bayan asibiti. Ina sunkuye sai na ji wata dariya da na sani. Vandi ne, ya zo wankin rauni, yana koyon tafiya da sandunan guragu. Ya taka, ya zame, ya faɗi a cikin taɓo. Ƙaramar 'yarsa da ta rako shi ta fashe da kuka, shi kuwa ya yi dariya don ta yi shiru, ya ja jiki ya kama sandar ya sake miƙewa. Na ɓoye fuskata a cikin ciyawa. Tun da nake ban taɓa jin na tsani kaina ba sai ran nan.

Bayan 'yan watanni aka ce ina da baƙuwa. Na zaci tsohuwata ce, sai na ga Kwanye da jariri a baya. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce wani malamin cocinsu ya haɗa su da lauya, lauyan ya buɗe musu ido. Ashe doka ta tilasta wa duk mai babur da mai mota ya yi inshora, kuma amfaninta ke nan, in ya ji wa wani rauni kamfanin ya biya jinya da diyyar abin da mutum ya rasa. Alhaji da kansa ya ce shekara da shekaru yana biyan kuɗin nan a kan ababen hawansa yana zaton harajin 'yan sanda ne, kuma ya ce a kai ƙarar ɗansa, ba zai ji haushi ba, haƙƙi ne. Amma kamfanin ya ƙi. Sun ce ba a kai rahoto ranar da abin ya faru ba, mutumin ya yafe a gaban Jauro, kuma ga shaidar wanda ya gani da ido cewa shi ya shiga titi. Direban babbar motar ya tsallaka Kamaru. Mai ƙosai ta ce ita tana duban kasko. Modu ya ce ya rufe ido, bai san inda Vandi yake ba.

Ta ce, "Kai ne ya gani. Kai ne ya ce ƙarya. Yanzu yara ya bar makaranta, maigida yana zaune kamar dutse. Ni ba ya roƙon ka. Ni ya zo ne in gani ko akwai mutum a cikin rigan nan." Ta juya ta tafi.

Na ba wani tsohon fursuna labari, ya ce, "Kai mahaukaci ne? Ka ce wa alƙali ka yi rantsuwar ƙarya? Ƙara maka za a yi. Ka ja bakinka, saura kaɗan ka fita." Gaskiya ya faɗa, kuma na so in bi ta. Kullum in ce gobe zan yanke shawara. Ran Juma'a malamin da yake zuwa yi mana wa'azi ya zo, na tsaya bayan kowa ya watse na tambaye shi, in mutum ya yi istigfari da gaske ba shi ke nan ba? Ya ce, "Abin da ke tsakaninka da Allah, istigfari ya isa. Haƙƙin mutum kuwa sai ka mayar masa." Na ce ai mutumin ya yafe a gaban shaidu. Ya dube ni ya ce, "Yafiyar da aka karɓa da tsoratarwa ƙwace ce. Addini ma ya san diyyar rauni ko da kuskure ne. Mai haƙƙi ya san abin da yake da shi tukuna, in ya ga dama ya bari don Allah. Kai ka bar shi ya sani?" Ya tashi ya tafi, ni kuwa washegari na aika wa lauyan su Vandi cewa zan faɗi gaskiya a kotu.

Ranar da babban alƙali ya zo zama a Mubi aka kai ni da kayan fursuna. Kotu ta cika. Vandi yana gaba da sandunansa, Alhaji da Modu suna gefe, Jauro ma yana nan. Na faɗi inda Vandi yake tsaye, na faɗi hannun da Modu ya kama. Na faɗi dokar da na ƙirƙira, da abin da mai ɗori ya ce da abin da na fassara. Lauyan kamfani ya miƙe ya ce, "Kai da bakinka ka ce maƙaryaci ne kai. Don me za mu yarda da kai yau?" Na ce, "Ranka ya daɗe, waccan ƙaryar don in tsira na yi ta. Wannan maganar kuwa na san ɗauri za ta ƙara mini. Ka taɓa ganin wanda ya yi ƙarya don a ƙara masa ɗauri?" Aka kira mai ɗori da Jauro, maganarsu ta zo daidai da tawa.

Alƙali ya ce yafiyar da aka samu ta hanyar yaudara ba ta kashe haƙƙi, ya yanke wa Vandi diyya, kamfani ya biya. Ni kuma daga baya aka ƙara mini wa'adi saboda rantsuwar ƙarya, kamar yadda tsohon fursuna ya faɗa. Abin mamaki, zaman da aka ƙara mini ya fi na farkon sauƙi. Abinci ya fara yi mini daɗi, har gandirobobi suna tsokanata wai fursunan da ya roƙi ƙari.

Na shiga ana kashe fam da sule, na fito na tarar da naira da kwabo. Na fara zuwa na durƙusa gaban tsohuwata, ta ce ba ita zan fara roƙo ba. Aka kwatanta mini wurin Vandi a hanyar Gella. Na tarar da fili an jera bulo yana shan rana, ma'aikata suna kwaɓa siminti, shi kuma yana zaune a kan kujera da ƙafar katako, yana ba da umarni yana waƙarsa. Da diyyar ya sayi filin da abin buga bulo, yara sun koma makaranta.

Na tsaya daga nesa har ya hango ni. Ya ce, "Tafinta! Kai ya rame. Ashe gwamnati ba ya iya tuwo." Ma'aikata suka yi dariya. Na durƙusa a cikin yashi na ce na zo neman gafara, ban zo da komai ba, don ba ni da abin da zai sayi ƙafa. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ranan da suka yanke, ni ya yi kuka kamar yaro. Ni ya ce ko a sama ba zan gaishe ka ba. Amma kai ya shiga kotu, kai ya sayi ɗauri da bakinka saboda yarana. Wannan ma ni ya gani." Ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa ya ce, "Na yafe, kuma yau ba wanda ya gyaɗa mini kai. Amma ƙafana ɗaya yana wurinka. To, kai ne zai yi mini tafiya da shi."

Tun ran nan ni ne ƙafar Vandi. Ni nake zuwa sayen siminti, ni nake raka bulo wurin masu gini. Kuma ya kafa mini sharaɗi, duk inda aka ji babur ya buge wani in ajiye abin da nake yi in ruga, kamar dā. Sai dai yanzu asibiti nake fara kai mutum, daga nan caji ofis, in nemo waɗanda suka gani tun ba su watse ba, in tambayi mai babur inshorarsa, in faɗa wa kowa abin da ɗan'uwansa ya ce ba ragi ba ƙari. Wasu har yau ba su yarda da ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Cikin waɗanda na cuta a dā na samu wasu na roƙe su, wasu sun rasu, wasu ban san inda suke ba. Wannan kayan da shi zan tafi kabari.

To, samari, ga abin da nake so ku riƙe. In an buge ku ko an buge naku, neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne, kuma ba gaba ba ce da mai babur. Ku je asibiti a ranar, ku sanar da hukuma, kada ku yi jinkiri, don ƙara ma tana da lokacinta. Kada ku yarda wani ya hana ku ganin juna ido da ido, duk mai cewa "ku bar mini" ku tambaye shi me ya sa. In za ku yafe ku yafe, abu ne mai kyau, amma ku san abin da kuke yafewa. In kuma ku ne a kan babur, ku yi inshora, ku tsaya in kun yi ɓarna, ku je dubiya da ƙafarku. Wanda kuma Allah Ya ba shi baki irin nawa, ya ji tsoron sisin farko, don ni daga kansa na fara, ban tsaya ba sai da na cinye ƙafar mutum. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni an bar ni na gyara kaɗan daga abin da na ɓata, kuma na gode. Amma kullum da yamma in mun tashi daga aiki, ni nake tafiya a bayan Vandi, ina jin ƙarar katakon nan a kan hanya har mu isa gida.